Yadda Ake Gane Guntuwar Jimla da Jimla Mai Zarcewa a Rubutun Turanci, da Yadda Ake Gyara Su

Akwai kurakurai biyu da jan biron malamin Turanci ba ya tsallakewa. Na farko, mutum ya ɗiga aya alhali jimlarsa ba ta kammala ba. Na biyu, jimlar ta kammala amma ya ƙi tsayawa, ya zarce cikin wata. Littattafan nahawun Turanci suna kiran na farkon *sentence fragment*, na biyun kuma *run-on sentence*. A nan zan riƙa cewa guntuwar jimla da jimla mai zarcewa.

An saba koyar da su a darussa daban-daban kamar ba abin da ya haɗa su. A ganina ciwon ɗaya ne: marubucin bai san daidai inda jimlar Turanci take farawa da inda take ƙarewa ba. Wanda ya iya gano wannan iyaka ya rabu da duka biyun a lokaci guda.

Kafin a shiga aiki, a cire maganar tsawo daga rai. Mutane da yawa sun ɗauka guntuwar jimla ita ce gajera, mai zarcewa kuma ita ce doguwa. Ba haka abin yake ba. *She left.* kalma biyu ce kacal, kuma cikakkiyar jimla ce. Wannan kuwa kalma ashirin ce, amma guntuwa ce:

*The tall engineer who had been waiting outside the office since early morning with the signed papers in her hand.*

An gama karantawa ba a ji abin da injiniyar ta yi ba. Shi kuma *I called he left* kalma huɗu ce, amma ta zarce, domin jimla biyu ce aka liƙa wuri ɗaya. Haka nan shawarar nan da ake yawan bayarwa, wai ka sa aya a inda numfashinka ya tsaya, ba ta fitar da kowa. Numfashin mutane ba ɗaya ba ne, nahawu kuwa bai san da shi ba.

Mataki na ɗaya: ka san abin da kake nema

Abin da kake farauta a kowace jimla shi ne ganga tsayayya, wato rukunin kalmomin da zai iya tsayawa da ƙafarsa. A Turanci sai ya cika sharaɗi uku. Ya kasance da aikau, wato wanda ake magana a kansa. Ya kasance da aikatau mai ɗauke da lokaci. Sannan kada a sami wata kalma a gabansa da ta mayar da shi ganga dogarau, mai jingina da wata.

Idan tsakanin babban baƙi da aya babu ganga tsayayya ko ɗaya, guntuwar jimla ce. Idan akwai biyu ko fiye kuma ba a haɗa su ta hanyar da Turanci ya yarda da ita ba, mai zarcewa ce. Duk sauran bayanin da ke tafe hanyoyin ƙirga wannan gangar ne.

Umarni ne kaɗai ke fita daga sharaɗin farko. *Close the door.* cikakkiya ce, domin aikau ɗinta, *you*, a ɓoye yake.

Mataki na biyu: nemo aikatau mai ɗauke da lokaci

Daga aikatau za ka fara, ba daga aikau ba, saboda nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ba duk kalmar da ke nuna aiki ce ke iya riƙe jimla ba. Siffofi uku na aikatau ba sa iyawa su kaɗai: mai ƙarewa da *-ing*, mai farawa da *to*, da siffa ta uku irin su *written*, *taken*, *broken*.

*The students waiting in the corridor.*
*To finish the report before Friday.*
*The window broken during the storm.*

Duk ukun guntaye ne. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka sauya lokacin jimlar a ranka. Ka sa *yesterday* a gaba, sannan ka sa *tomorrow*, ka ga wace kalma ce ta motsa. A *The students wait in the corridor*, kalmar *wait* za ta koma *waited*, sannan *will wait*. Ita ce ke ɗauke da lokaci. A *The students waiting in the corridor* kuwa, ko wane lokaci ka sa, *waiting* tana nan yadda take. Ba ta da lokaci sai an kawo mata mataimaki: *are waiting*, *were waiting*, *have been waiting*. Kalmomi irin su *can*, *will*, *must* da *should* su ma suna riƙe jimla idan suka zo gaban aikatau.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan dabara. A yawancin aikatau na Turanci, siffar lokacin da ya wuce da siffa ta uku kamarsu ɗaya, duka da *-ed* suke ƙarewa. Duba wannan:

*The letter signed by the director.*

Ido zai ga *signed* ya ce ai ga aikatau nan. To wa ya sa hannun? Wasiƙa ba ta sa hannu. Kalmar *by* ta tona asiri cewa siffantawa ake yi, ba labari ake bayarwa ba. Sai dai a ce *The letter was signed by the director*, ko kuma a ƙarasa zancen: *The letter signed by the director arrived late.*

Mai tunani da Hausa yana da dalilin faɗawa nan, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Hausa tana gina lafiyayyar jimla ba tare da aikatau ba. «Ɗakin babba ne.» «Ga littafin.» «Akwai matsala.» Ba wanda zai ce waɗannan ba su cika ba. Turanci bai yarda da haka ba. Shi ya sa ake ganin *The room very large* ko *My brother a pilot* a rubutun masu koyo. Dole a sa *is* ko *was* a tsakiya, ko da kunnenka yana gaya maka ma'ana ta riga ta fita.

Da ka sami aikatau, ka tambaye shi: wa ko me? Idan amsar tana cikin jimlar, aikau ya samu. Idan sai ka leƙa jimlar baya kafin ka same ta, guntuwa ce, kamar kashi na biyu a nan:

*The driver locked the car. And forgot the keys inside.*

A lura, laifin ba na *And* ba ne. Fara jimla da *And* ko *But* ba kuskuren nahawu ba ne, ko da yake wasu malamai ba sa so. *And he forgot the keys inside* cikakkiya ce. Rashin *he* ne ya karya ta farkon.

Mataki na uku: dubi kalmar da ke bakin ƙofa

Jimla tana iya samun aikau da aikatau lafiya lau, kalma ɗaya a farkonta ta hana ta tsayuwa. *The printer was broken.* ta cika. *Because the printer was broken.* ba ta cika ba, mai karatu yana jiran sauran.

Kalmomin da ke yin wannan aiki sun cancanci a haddace su: *because, although, though, while, whereas, when, whenever, if, unless, since, after, before, until, as soon as, so that*. Ganinsu a farkon jimla ba laifi ba ne. Abin da ake so shi ne ka bi jimlar har ƙarshe ka tabbatar wata ganga tsayayya ta biyo baya kafin aya.

Sai dangin *who*, *which* da *that*. Waɗannan suna ɓarna ta fuska biyu. Wani lokaci a ware su su kaɗai: *The flight was cancelled. Which annoyed everyone.* Wani lokaci kuma su haɗiye aikatau ɗaya tilo da ke cikin jimlar, kamar yadda ya faru da injiniyar nan ta sama. A *The students who finished early*, aikatau *finished* mallakin *who* ne. Su ɗaliban har yanzu ba a ba su nasu ba. Dabarar ita ce ka rufe daga *who* zuwa ƙarshen bayaninta da yatsa, ka karanta abin da ya rage. Idan *The students* kaɗai ya rage, ka san akwai gyara.

Rukuni na ƙarshe shi ne na ƙarin bayani da kawo misali: *such as, especially, including, for example, like*. Marubuci ya gama jimla, sai wani abu ya faɗo masa, sai ya maƙala shi a baya da babban baƙi: *The course covers several skills. Such as editing and note-taking.* A baki wannan daidai yake, haka kowa ke magana. A takarda guntuwa ce.

Idan har yanzu kana kokwanto a kan wata jimla, ga gwaji biyu. Ka sa *It is true that* a gabanta ka karanta. *It is true that the printer was broken* ya zauna daram. *It is true that because the printer was broken* yana lilo. Ko kuma ka gwada mayar da ita tambayar da ake amsawa da e ko a'a. *Was the printer broken?* ya yiwu. *Such as editing and note-taking* ba ta mayuwa tambaya ko ta wane hali. Gwaje-gwajen nan na jimlar bayani ne, ba sa aiki a kan umarni ko abin da dama tambaya ne.

Mataki na huɗu: gyaran guntuwar jimla

Hanya biyu ce. Ko ka manna ta da maƙwabciyarta, ko ka cika mata abin da ta rasa. Mannawar ta fi yawa, domin galibin guntaye yankin jimlar kusa ne da aya ta yanke bisa kuskure.

Wajen mannawa, ka kula da waƙafi. Idan ganga dogarau ce a gaba, waƙafi yana biyo ta: *Because the printer was broken, we sent the file by email.* Idan ita ce a baya, yawanci ba a sa komai: *We sent the file by email because the printer was broken.* Ƙarin bayani mai farawa da *which* ko *especially* yana son waƙafi a gabansa: *The flight was cancelled, which annoyed everyone.*

Abu biyu ke ɓata wannan gyara. Na farko, rashin tantance wace maƙwabciya ce mai ita. Duba:

*The meeting ended early. Because the director was ill. We went home.*

Ta tsakiyar tana iya bin ta gaba ko ta baya, kuma ma'anar ba ɗaya ba ce. Shin rashin lafiyar ce ta sa aka tashi taro da wuri, ko ita ce ta sa aka tafi gida? Nahawu ba zai amsa maka ba, kai da ka rubuta ne ka san abin da kake nufi.

Na biyu ya shafi guntaye masu *-ing*. A ce an rubuta *Walking into the lab. The alarm went off.* Mai gaggawa zai cire aya ya sa waƙafi: *Walking into the lab, the alarm went off.* An gudu ba a tsira ba, domin yanzu jimlar tana cewa ƙararrawar ce ta shigo ɗakin da ƙafarta. Ƙa'idar Turanci ita ce, wanda ya yi aikin *-ing* ɗin shi ne zai zo nan take bayan waƙafi. In ba shi ba ne, a sake gini: *As I walked into the lab, the alarm went off.*

Mataki na biyar: gano jimla mai zarcewa

Yanzu ƙirga za ka yi. A cikin kowace jimla, ka ja layi ƙarƙashin kowane aikau da aikatau ɗinsa. In ka sami tagwaye biyu ko fiye, ka dubi mahaɗarsu, ka ga me ke wurin.

Idan babu komai, wannan ita ce zarcewa tsagwaronta: *The bus was late we missed the lecture.* Irin wannan ba ta da wuyar kamawa, kuma waɗanda suka ɗan yi nisa a Turanci ba su cika yin ta ba. Wadda ke bin mutane har jami'a da ofis ita ce 'yar'uwarta, inda ake sa waƙafi shi kaɗai a mahaɗar: *The bus was late, we missed the lecture.* Turawa suna ce mata *comma splice*, mu kira ta ɗaurin waƙafi. Waƙafi zare ne, ba ya ɗaure kaya biyu masu nauyi.

Nan ma tsarin Hausa yana da hannu. Muna jera aiki bayan aiki, kowanne da wakilin sunansa, ba tare da wani mahaɗi ba: «Ya tashi, ya buɗe ƙofa, ya fita.» Hausa ce tsantsa, ba abin da za a taɓa. In aka kwashe tsarin aka kai Turanci sai a sami *He stood up, he opened the door, he went out*, ganga tsayayya uku a ɗaure da waƙafi. Bature zai ambaci aikau sau ɗaya ya jera ayyukan a bayansa: *He stood up, opened the door and went out.*

Saboda haka, alamar da ta fi saurin nuna ɗaurin waƙafi ita ce ka ga waƙafi, sannan *he, she, it, we, they, this* ko *there* ya biyo baya. Duk inda ka ga haka, ka tsaya. Ba kullum ne kuskure ba. A *When the bell rang, they left*, ɓangaren hagu dogarau ne, don haka waƙafin yana kan aikinsa. Gwajin shi ne ka sa aya a madadin waƙafin a ranka. Idan hagu ya tsaya da kansa, dama ma ya tsaya da kansa, waƙafi ya yi kaɗan.

Kada kuma ƙirgar ta ruɗe ka a inda aka ɓoye *that*. *She said the test was easy* tana da tagwaye biyu ba komai a tsakaninsu, amma ba ta zarce ba. Asalinta *She said that the test was easy*, kashi na biyun shi ne abin da ta faɗa. Haka abin yake bayan *think, know, believe, hope* da makamantansu.

Maganar *however* da 'yan'uwanta

Wannan ta isa a ware mata wuri, domin ita ce ke kama waɗanda suka iya Turanci sosai. Kalmomi bakwai ne kawai ke da ikon haɗa ganga tsayayya biyu da taimakon waƙafi: *for, and, nor, but, or, yet, so*. Ɗalibai suna haddace su da haruffansu na farko, FANBOYS. Duk wata kalma da ba ta cikin bakwai ɗin nan ba ta da wannan iko, komai kamarta da su a ma'ana.

*However, therefore, moreover, nevertheless, consequently, otherwise, instead, meanwhile, thus, then*: waɗannan bayanau ne, ba mahaɗai ba. Suna nuna alaƙar tunani, amma ba sa ɗaure jimla. Don haka wannan kuskure ne:

*The plan was approved, however the funds never arrived.*

Mutum zai ce to me ya raba *however* da *but*, tunda abu ɗaya suke nufi? Ka gwada matsar da su. Ana iya cewa *The funds, however, never arrived*, ana iya cewa *The funds never arrived, however*. Gwada haka da *but* ka ji yadda za ta watse. Mahaɗi na gaskiya a kafe yake a tsakanin gangunan biyu. Kalmar da ke yawo cikin jimla kuwa ba ta riƙe komai. Wannan gwajin matsarwa zai raba maka gardama a kan duk wata kalma da ba ka tabbatar da ita ba.

Daidai shi ne a sa aya ko waƙafi mai ruwa (;) kafin kalmar, sannan waƙafi bayanta:

*The plan was approved. However, the funds never arrived.*
*The plan was approved; however, the funds never arrived.*

*Then* ta fi sauran sulalewa saboda ƙanƙantarta. *We checked the figures, then we sent the report* ɗaurin waƙafi ne a rubutu na hukuma, ko da yake za ka gan shi birjik a saƙonnin yau da kullum. A sa *and* kafin *then* an huta.

Mataki na shida: zaɓen gyaran da ya dace

Ɗauki jimla ɗaya: *The software was cheap, it crashed every day.* Ga hanyoyin da ake da su.

Aya: *The software was cheap. It crashed every day.* Ba ta taɓa zama kuskure, amma ta bar wa mai karatu aikin gano alaƙar da kansa. In ka dogara da ita kullum, rubutunka zai riƙa tsalle-tsalle kamar na ɗan koyo.

Waƙafi da mahaɗi: *The software was cheap, but it crashed every day.* Yanzu an faɗi alaƙar. Ka zaɓi mahaɗin da gaske yake nuna ta, kada ka riƙa jefa *and* a ko'ina. Cikin bakwai ɗin, *nor* tana juya tsarin abin da ya biyo ta, *He did not call, nor did he write*, ita kuma *for* da ma'anar dalili ta tsufa, ba a cika jin ta a Turancin yau ba.

Waƙafi mai ruwa: *The software was cheap; it crashed every day.* Alama ce da ta samo asali a ɗab'in littattafai na birnin Banis a Italiya, wurin maɗabbaci Aldus Manutius, a ƙarshen ƙarni na 15. Sharaɗinta, kowane gefe ya zama zai iya tsayawa shi kaɗai, kuma tunanin biyu su kasance na kusa. Waɗanda suka gano ta sabo-sabo sukan cika shafi da ita. Ɗaya ko biyu a sakin layi sun isa.

Mayar da ɗaya dogarau: *Although the software was cheap, it crashed every day.* Wannan ce na fi so a rubutun makaranta da na aiki, domin tana tilasta wa marubuci ya yanke hukunci a kan wane batu ne babba. Juya ta ka gani: *Although it crashed every day, the software was cheap.* Kalmomin kusan ɗaya, amma ta farko tana kushe manhajar, ta biyu tana nema mata uzuri. Abin da ka ajiye a ganga tsayayya shi ne mai karatu zai ɗauka a matsayin matsayarka.

Matsewa: *The cheap software crashed every day.* Ganga ɗaya ta narke ta zama sifa. Sau da yawa wannan ta fi duk sauran tsafta.

Akwai kuma ruwa biyu, idan kashi na biyu yana fassara na farko ne: *The reason was simple: nobody had tested it.*

Kashedi biyu. Kada garin raba mai zarcewa ka haifi guntuwa, kamar wanda ya mayar da misalinmu *Although the software was cheap. It crashed every day.* Bayan kowane gyara ka sake gwada kowane gefe. Sannan kada tsoro ya sa ka riƙa cusa waƙafi gaban kowace *and*. A *She opened the file and read it* aikau ɗaya ne da aiki biyu, ba a bukatar komai.

Jimlar da aka yi ta ja da *and… and… so… and* har layi biyar, a ƙa'ida ba ta zarce ba, tunda mahaɗan suna nan. Gajiyar da mai karatu kawai take yi. Ka yanka ta a inda batu ya sauya.

Inda ake yin su da gangan

Za ka buɗe jarida ko littafin labari na Turanci ka ga guntaye, ka ce to ina dokar? Marubutan labari, masu talla da masu kanun labarai suna amfani da su da saninsu, don sauri ko don nauyin magana. Amsar tambaya ma haka: *Why? Because it works.* A takardar neman aiki, jerin abubuwan da mutum ya yi yakan zo babu aikau, *Managed a team of six*, kuma haka aka saba. Ɗaurin waƙafi ma ana ɗaga masa ƙafa idan gangunan gajeru ne masu tsari ɗaya, kamar maganar nan da ake dangantawa da Julius Kaisar bayan wata nasara a shekara ta 47 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda Turanci ke kawowa da *I came, I saw, I conquered.* Tambayar wutsiya irin *You are coming, aren't you?* da tsarin *The more you read, the faster you write* su dama daidai suke, ba rangwame aka yi musu ba.

Amma a jarrabawa, rahoto, takardar bincike ko wasiƙar hukuma, mai dubawa ba shi da hanyar sanin da gangan ka yi. Shawarata a waɗannan wurare, ka cika kowace jimla.

Manhajojin duba rubutu irin na Microsoft Word da Grammarly suna kama wasu daga cikin kurakuran nan, wasu kuma su wuce su. Ko sun kama, ba su san wace alaƙa kake nufi tsakanin gangunan ba, don haka gyaran da suka kawo sai ka auna shi.

Mataki na bakwai: bi rubutunka daga ƙasa zuwa sama

Idan ka karanta abin da ka rubuta daga farko, ƙwaƙwalwarka tana cike giɓin da kanta, domin ta san labarin. Guntuwa takan jingina da jimlar da ta gabace ta, kunne ya ji komai daidai. Maganin shi ne ka fara da jimlar ƙarshe, ka karanta ta ita kaɗai, sannan ka hau ta samanta. Mu gwada da wannan sakin layi:

*The company introduced a new booking system in March. Hoping to reduce waiting time. At first the staff disliked it, they said the screens were confusing. Especially the payment page. The manager arranged two training sessions however only half of the team attended. Because the sessions were held after work. Complaints have now fallen, the system still fails at weekends, which worries the manager.*

Ta ƙarshe tana da waƙafi biyu. Na biyun, gaban *which*, lafiyarsa lau. Na farkon ne ke tsakanin *Complaints have now fallen* da *the system still fails*, kowanne tsayayye, don haka ɗaurin waƙafi ne. Ta samanta ta fara da *Because* ta ƙare ba ta kawo sakamako ba, guntuwa ce. Ta gaba tana da *The manager arranged* da *half of the team attended*, ba komai a tsakani sai *however*, ta zarce. *Especially the payment page* ba ta da aikatau ko ɗaya. A ta uku, waƙafi ya zo *they* ta biyo shi, kuma hagu da dama duk sun tsaya da kansu. Amma *they said the screens were confusing* ba matsala, *that* ce a ɓoye. *Hoping* ba ta ɗauke da lokaci. Ta farko ce kaɗai ta tsira.

Ga yadda zan gyara shi:

*The company introduced a new booking system in March, hoping to reduce waiting time. At first the staff disliked it. They said the screens were confusing, especially the payment page. The manager arranged two training sessions, but only half of the team attended because the sessions were held after work. Although complaints have now fallen, the system still fails at weekends, which worries the manager.*

Bakwai sun koma biyar. *Hoping* ta manne lafiya saboda kamfanin ne mai fatan, kuma shi ne aikau na jimlar. A ta ƙarshe na zaɓi *Although* a gaban raguwar ƙorafi domin damuwar manajan ta nuna cewa matsalar ƙarshen mako ce babban batu. Da rahoton na yabon sabon tsarin ne, da sai a juya: *Although the system still fails at weekends, complaints have now fallen*, sannan a nemo wa damuwar manajan jimlarta daban.